Shiru Ma Magana Ce: Sharhi Kan Littafin Zanen da Ya Bi Hanyar Mafarki

Wata ranar kasuwar Jega, bayan la'asar, ina zaune a rumfar wani dattijo aminin mahaifina, dillalin albasa, sai ga ɗan yayata da ke karatu a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero. Ya durƙusa ya gaishe mu, ya koma gefen tabarma ya zaro waya. Can ya miƙo mini ya ce, "Kawu, kai da ke rubuce-rubuce, dubi wannan. Labari ne sukutum, amma babu mai cewa uffan a ciki."

Na karɓa ina ja da yatsa, shafi bayan shafi. Dattijon nan, wanda bai taɓa kwana ɗaya a ajin boko ba, ya leƙo ta kafaɗata. Da muka iso inda aka zana wani mutum a tsare, kansa ya kumbura ya yi girman da jikinsa ba zai iya ɗauka ba, sai ya dafa hannuna ya ce, "Tsaya nan. Wanga bawan Allah kainai ya fi ƙarfin wuyanai. Akwai abin da ya daɗe shina ɓoyo."

Na ce, "Baba, ka taɓa ganin littafin ne?"

Ya ce, "Ina zan gane shi? Ai ga shi nan a fili."

Abin da ya faɗa shi ne zuciyar labarin gaba ɗaya. Mutumin da bai san sunan kowa a littafin ba, bai san ƙasar da aka buga shi ba, ya kama bakin zaren a shafi guda. Tun ranar nake juya wannan al'amari, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Littafin fitowa ta 121 ce ta mujallar New X-Men, ta kamfanin Marvel da ke Amurka, bangonta na ɗauke da watan Fabrairu na 2002. Grant Morrison ne marubucin, Frank Quitely ya zana, dukansu mutanen birnin Glasgow ne. X-Men labarin wasu sadaukai ne da aka haifa da baiwar da ta wuce ta sauran mutane. Stan Lee da Jack Kirby suka ƙirƙiro su a 1963, malaminsu kuma shi ne Farfesa Charles Xavier, mai iya shiga tunanin mutane. A ƙarshen 2001 kamfanin ya ɗora wa marubutansa da masu zanensa wani aiki mai wuya: kowa ya fitar da labarin wata guda ba tare da magana ba. Mujallu da dama suka fito a haka, amma wannan ce aka fi tunawa da ita har yau.

Ga yadda labarin yake. Wata muguwar mata mai suna Cassandra Nova ta ƙwace jikin Xavier, ta bar hankalinsa a kulle cikin nata jikin da ya lalace. Mata biyu masu irin baiwarsa, Jean Grey da Emma Frost, suka ɗaura niyyar kutsawa cikin ƙwaƙwalwar don su ceto shi. Mazan da aka saba gani suna faɗa, Cyclops da Wolverine, aka bar su a bakin ƙofa suna jira. Daga nan duniya ta sauya. Ga teku, ga doguwar hasumiya a tsakiyar ruwa, ga ƙofofi masu fuskoki. Emma ta maƙale a hanya, Jean ta ƙetara ita kaɗai ta tarar da malaminsu a wannan hali da dattijo ya gani. Sannan zane ya ja mu baya, har cikin mahaifa, inda muka ga 'yan tayi biyu, ɗaya ya yi yunƙurin halaka ɗaya. Ashe Cassandra 'yar tagwayen Xavier ce. Sai a shafin ƙarshe, bayan sun farfaɗo, Jean ta buɗe baki ta faɗa wa sauran abin da suka gano.

Wanda bai saba da irin waɗannan littattafai ba zai so ya san yadda ake karanta su. Ana raba shafi gida-gida, kamar gidajen dara, kowane gida da hotonsa. Aikin gaske yana faruwa ne a ɗan farin layin da ke tsakanin gida da gida. A ce gidan farko jaki ne da buhunan albasa a bakin gulbi, gida na biyu kuma albasa ce ke yawo a kan ruwa. Ba a zana faɗuwar jakin ba, amma ka gan ta, har ka ji salatin mai shi. Kai ka zana ta a ranka. A littafin da ake magana, rubutu yakan riƙe hannunka ya ƙetarar da kai wannan rata. Idan aka cire rubutun, nauyin duka ya koma kan mai zane da kai mai kallo.

A nan Quitely ya nuna gwaninta. Matan nan biyu ba sa ga-maciji da juna, kuma ba ka bukatar a faɗa maka. Kallon da ɗaya ke yi wa ɗaya, yadda Emma ke ɗage haɓa, yadda Jean ke tafiya gaba ba waiwaye, sun isa. Yana zana jiki da nauyinsa, tufa da lanƙwasarta, ruwa da sanyinsa, shi ya sa abin da ba zai yiwu ba yake zama kamar ka taɓa shi. Wannan ita ce dabarar farko da mai son zana mafarki zai koya: gwargwadon yadda abin ya saɓa wa hankali, gwargwadon yadda za ka zana shi da gaske.

Me ya sa shiru ya dace da wannan labari fiye da sauran da aka fitar a watan? Saboda mafarki shi kansa ba ya bayani. Kowa ya san yadda yake. Kana tsakar gidanku a Maiyama, ka tura ƙyauren ɗakin Inna, sai ga ka a tsakiyar kasuwar Jega, kuma ko gezau ba ka yi ba. Mamacin da aka binne shekara goma yana zaune yana shan fura, kai kuma kana gaishe shi. Bashin da ke damunka ya zama dutse a ƙirjinka, ka buɗe baki za ka yi kururuwa, murya ta ƙi fita. Mamaki sai bayan an farka. A mafarki damuwa takan sa riga ta zama abu, wuri da lokaci kuma ba su da katanga. Magana tana zuwa da "don me" da "saboda haka", mafarki kuwa bai san su ba. Da an sa wa Jean baki tana cewa ga ma'anar hasumiya, ga ma'anar teku, da an tashe mu daga barci tun ba mu kai ko'ina ba. Morrison da Quitely sun zaɓi labarin da magana za ta ɓata shi. Wasu abokan aikinsu kuwa labarin yau da kullum suka ɗauko suka toshe masa baki, sai ya zama kamar kallon talabijin da aka kashe wa sauti.

Ba Morrison da Quitely ne suka fara ba. Winsor McCay ya fara zana mafarkan wani yaro mai suna Nemo a jaridar New York Herald a 1905, kowane shafi yana ƙarewa da farkawar yaron, ko da yake nasa da magana. Frans Masereel ɗan Beljiyam ya fitar da labarai cikin zane zalla tun 1918, Lynd Ward na Amurka ya biyo baya a 1929. A Faransa Moebius ya fito da Arzach a 1975, wani matafiyi a kan ƙaton tsuntsu cikin duniyar da ba ta da bayani. A 1984 Larry Hama ya yi fitowa ta 21 ta G.I. Joe ba kalma ko ɗaya. Abin da wannan littafi ya ƙara shi ne haɗa shirun da dalilinsa: an yi shiru ne domin an shiga inda harshe bai isa ba.

Yanzu mu dawo gida. Ina da yaƙinin cewa mutanen wannan yanki sun fi masu karatu da yawa shirin fahimtar irin wannan aiki, kuma dalilaina uku ne.

Na farko, mun ɗauki mafarki da muhimmanci. Jega da Aliero da Maiyama duk ƙasar Gwandu ce, ƙasar malamai da almajirai. Yaron da ya kai Suratu Yusuf ya san labarin taurari goma sha ɗaya da rana da wata, ya san shanu bakwai masu ƙiba da bakwai ramammu, ya san cewa hoto na iya ɗaukar labarin shekaru. Littafin fassarar mafarki da ake jingina wa Ibn Sirin yana nan a shimfiɗar masu sayar da littattafai a bakin masallatai. Malamai sun koya mana cewa mafarki iri uku ne: na gaskiya daga Allah, na firgici daga Shaiɗan, da zancen zuci. Abin da ke cikin wannan littafi ƙagaggen labari ne, kuma idan za a ba shi gurbi, a na ukun yake, wato abin da rai ya binne ya taso da dare. Wanda ya tashi da wannan rarrabewa ba zai ruɗe ba, zai karanta da ido biyu.

Na biyu, tatsuniya. Wa ya taɓa tsayar da kakarsa ya tambaye ta yadda aka yi Gizo ya shiga cikin saniya ya fito, ko yadda Dodo ya haɗiye gari guda aka tsaga shi mutane suka fito da ransu? Da an buɗe tatsuniya, mun yarda mun bar dokokin rana a bakin ƙofa. Rubutaccen adabinmu ma ya gaji wannan hali. Gandoki na Bello Kagara ya ratsa ƙasashen aljannu, Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ya kai mu inda ƙafa ba ta zuwa, dukansu daga gasar rubuta littattafai ta 1933. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa kuwa sadauki ne cikakke tun kafin yaranmu su san Spider-Man. Hatta maganar tagwaye ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Mun tashi muna jin cewa tagwaye na da wata baiwa, cewa tsakaninsu akwai ƙauna da kishin da wani bai isa ya shiga ba. Da dattijon ya ga 'yan tayin nan biyu, kai kawai ya gyaɗa.

Na uku, mu masu karatun alama ne tun asali. Shekara da shekaru iyayenmu sun kalli finafinan Indiya da na 'yan Chana ba su jin ko kalma ɗaya, kafin a fara juya su da Hausa, kuma suka fito suna ba da labarin tiryan-tiryan. Ranar zaɓe tsohuwa tana gane tsintsiya da lema a takardar ƙuri'a. Muna karanta aska takwas a gaban riga, dagi a bangon soro, zane a bayan ƙwarya, zaki da mutum suna kokawa a bayan babbar mota. Kurame kuma suna da maganar hannu, harshe ne cikakke da suke hira da ciniki da shi. Mai ɗori a Aliero, garin da ya yi suna a wannan sana'a, da tafin hannu yake karanta ƙashin da idonsa bai gani ba.

Duk da haka littafin yana da rauni, kuma sharhin da ya ɓoye rauni yabo ne kawai. Babban rauninsa shi ne bai tsaya da ƙafarsa ba. Dattijo ya gane cewa mutumin na ɓoye wani abu, amma bai san dalilin da ya sa hankalinsa ke cikin jikin wata ba, domin wannan yana cikin littattafan da suka gabata, tun daga fitowa ta 114 inda Morrison ya karɓi aikin a 2001. Sai da ɗan yayata ya warware mana. Labarin da ya cire harshe don ya isa ga kowa, amma ya bukaci sai ka karanta wasu littattafai bakwai da Turanci, ya buɗe ƙofa ne ya bar sarƙa a jiki.

Rauni na biyu, a wasu wurare an sa 'yan hotuna cikin da'irar da aka saba zuba magana, matan suna aika wa juna saƙo da su. Dabara ce mai kyau ga ido, amma magana ce da ta sauya riga. Inda fuska da jiki suka yi aikin sun fi ƙarfi nesa ba kusa ba.

Na uku ya fi shafarmu: alama ma tana da garinsu. A tatsuniyoyin Turai, hasumiya a keɓe kurkuku ce, nan ake kulle 'yar sarki. Mu kuwa da mun ga hasumiya, kiran salla muke tunawa, ko Gobarau ta Katsina. Dattijon da farko ya ɗauka masallaci matan suka nufa. Don haka masu cewa hoto harshen duniya ne su rage murya. Fuska da hawaye da tsoro na kowa ne, amma gini da launi da dabba kowa da yadda ya gaje su. Ko jerin gidajen ma haka ne: yaron da ya fara da allo idonsa daga dama yake tashi, shafin kuwa daga hagu aka tsara shi.

Akwai kuma abin da iyaye ya kamata su sani. Shigar Emma Frost ta saɓa wa tarbiyyarmu, kuma hotunan cikin mahaifa sun yi wa ƙananan yara nauyi. Littafin manya ne. Batun hukuncin zana mai rai kuwa fage ne na malamai, sun yi bayani a kai, kowa ya koma ga malaminsa. Abin da zan ƙara kawai shi ne gadonmu na zayyana da ƙulli da inuwa yana da faɗin da mai basira zai ba da labari da shi ba tare da ya matsa wa kansa ba.

Maganar da aka yi a shafin ƙarshe fa? Wasu na ganin karya doka ce. Ni ina ganin a nan littafin ya fi kusa da mu. Mafarkin sarkin Masar ya zauna a matsayin shanu da zangarniya har sai da aka samu mai fassara, sannan ya zama rumbuna da abinci. Mafarki da dare ake yinsa a shiru, da safe a kai wa wanda ya sani. Jimlar Jean ita ce safiyar labarin, kuma ta yi nauyi ne domin an sa mu jira ta tun daga shafin farko.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya wuce wannan littafi. A 1975 aka fara buga wata mujallar sadauki mai suna Powerman domin kasuwar Najeriya. Turawan Ingila biyu suka zana ta, Dave Gibbons da Brian Bolland, waɗanda daga baya suka shahara a duniya. An umarce su da su sa lamba a kowane gida, ɗaya, biyu, uku, domin ana ganin mai karatu a nan ba zai gane inda zai bi ba. Haka aka ɗauke mu. Sannan a 2020 Jonathan Hickman da Russell Dauterman suka sake taka sawun Morrison da Quitely, suka tura matan nan biyu cikin tunanin Storm, jarumar da mahaifiyarta 'yar Kenya ce. Zanen ya yi kyau ƙwarai. Amma da aka buɗe zuciyar 'yar Afirka, me aka tarar? Dajin ciyawa, zakuna da giwa. Babu kasuwa, babu zaure, babu allo, babu hayaƙin murhu. Wanda bai zana mafarkinsa ba, wani zai zana masa, kuma abin da ya hango daga nesa shi zai sa.

A kudu an farka. Comic Republic na Legas tun 2013 yake fitar da sadaukan Najeriya, Roye Okupe kuma ya ƙirƙiro Malika, sarauniya mayaƙiya da ta ɗauki kama daga Amina ta Zazzau. Abin yabo ne, kuma abin tambaya: tarihin namu ne, ina hannunmu? Ƙasar da ta haifi Kanta mai Surame, ƙasar 'yan kokawa da 'yan tauri da Sarkawa masu sanin sirrin ruwa, ba ta rasa sadaukai ba. Masu zane ma ba mu rasa ba. Suna bayan littafin lissafi a makarantun sakandare, suna shagunan rubuta allon talla, suna ɗinkin hula, suna zanen lalle a hannun amare. Abin da suka rasa shi ne wanda zai ce musu wannan aiki ne mai daraja.

Kuma labari marar magana shi ya fi dacewa da halinmu. Ba ya tambayar ko boko ka yi ko allo, ko Bahaushe ne kai ko Bafillace ko Bazabarme ko Badakkare, ko kana ji ko kurma ne kai. Ba ya bukatar injin buga littafi, shafi goma sha biyu a waya sun isa su zaga jiha. Ina kira ga ɗaliban jami'ar Aliero da na kwalejin kiwon lafiya ta Jega da su haɗa kai, mai labari da mai zane. Malaman firamare su ba yara hoto huɗu su ce a ba da labarinsu, sannan a juya, a ba su labari su zana. Masu hannu da shuni da ke ɗaukar nauyin gasar ƙwallo su ware ko kaɗan don gasar zane. Mu kuma iyaye mu daina yaga takardar yaron da muka kama yana zane.

Ga irin labarin da nake fatan gani. Wata 'yar masu ɗori a Aliero, wadda baiwarta ita ce ɗora abin da ya karye a cikin rai. An kawo mata saurayin da ƙwaya ta cinye, ya daina magana. Ta dafa goshinsa ta shiga. Ta tarar da gonar albasa, kowace albasa ta ɓare sai ta ga fuskarsa a wata shekara, ɓawo bayan ɓawo, tana hawaye tana ci gaba. Gulbin Zamfara yana gudu da baya. Jakin mahaifinsa na tsaye a kan rufin ɗaki da kaya bai sauke ba. A can ƙarshe, cikin rumbun da babu hatsi, ga yaro ɗan shekara bakwai rungume da allon da aka wanke. Ba a bukatar kalma ɗaya, kuma babu gida a Jega ko Maiyama da ba za a gane shi ba.

Da za mu tashi a ranar, dattijon ya mayar wa ɗan yayata wayarsa, ya dube shi ya ce, "Kai yaro, ku da ku ka karatu, ku zana muna namu mana. Mu ma muna mafarki."

Yaron ya ce, "In Allah ya yarda, Baba."

Na ji daga baya ya sayi fensir da littafin zane a kasuwar kafin ya hau mota zuwa Aliero.